Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Jama'a masu sauraronmu na Kwandiko da Sara da Kila da Basirka da Fagam da cikin garin Gwaram, da 'yan'uwa na Birnin Kudu da Kiyako da Sundimina da Wurno, barkanmu da war haka. Wanda ke gona, sannu da aiki. Wadda ke bakin murhu, sannu da girki. Yau maganar buri za mu yi, da kuma wanda ya kamata ya ji shi.

Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san yadda baki kan buɗe idan kaka ta yi. An yanke riɗi an kaɗe, an gama roron wake, buhuna sun tafi kasuwar Sara, kuɗi sun ɗan zauna a aljihu. Je ka teburin mai shayi bayan sallar isha'i ka kasa kunne. Wannan ya ce bana babur zai saya. Wancan ya ce harsashin ɗaki zai kafa kafin azumi. Wani ya ce injin ban-ruwa zai ɗauko ya shiga noman rani, wani kuma makaranta zai koma, zai zauna jarrabawar JAMB, sai Jami'ar Tarayya ta Dutse. Majalisa ta ɗauka: “Allah ya ida nufi!” “Kai, ashe mun kusa shan shagali!” Yanzu ma ba sai an jira dare ba. Kafin mutum ya isa gida ya riga ya ɗora a WhatsApp da Facebook, mutum ɗari sun yi masa fatan alheri.

To, idan damina ta zagayo, a zauna tsakani da Allah a ƙirga: babur nawa aka saya, ɗaki nawa ya tashi?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce tsadar kaya, kuma gaskiya ne, wanda ya yi lissafin siminti da kwano a kaka yakan tarar da wani farashin daban a bazara. Za a ce kambun baka da hassada, wannan ma ban musa ba. Addininmu ya tabbatar da su. A cikin Suratu Yusuf, da Annabi Yusuf yana yaro ya ba mahaifinsa labarin mafarkinsa, abin da Annabi Yaƙub ya fara yi shi ne ya hana shi gaya wa 'yan'uwansa. Uba ne, annabi ne, kuma 'ya'yan cikinsa yake nufi. Daga irin wannan tarbiyya iyayenmu suka koyi rufe ciki. Mace ba ta shelar juna biyu sai ya fito da kansa. Matafiyi ba ya faɗin ranar tashinsa a dandali. Neman aure manya ke yin sa a zaure, ba a bakin kasuwa ba.

Amma akwai dalili na uku, wanda ba mu cika kawo shi ba, kuma a ganina ya fi sauran biyun yi mana ɓarna, domin shi ba daga waje yake zuwa ba. Mai hassada wani ne can daban. Wannan kuwa a cikin ƙirjin mai burin yake.

Akwai wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, da ke koyarwa a Jami'ar New York ta Amurka. A 2009 shi da abokan aikinsa uku suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan ɗaliban jami'a a Jamus, yaran da suka ƙwallafa rai sai sun zama lauyoyi ko masana halayyar ɗan Adam. Aka sa kowa ya rubuta abin da ya ƙudurta zai yi na karatu. Wasunsu, mai binciken ya ɗauki takardar ya karanta a gabansu, suka ga an san niyyarsu. Sauran kuma aka nuna musu ba wanda zai duba abin da suka rubuta. Da aka bi sawu bayan mako guda, waɗanda aka san niyyarsu su ne suka fi yin sakaci da abin da suka ce za su yi. A wani gwajin an ba ɗaliban lauya shari'o'i su nazarta, aka ce kowa ya tashi lokacin da ya ga dama. Waɗanda aka ji niyyarsu su suka riga tashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe: da aka auna yadda kowa ke jin kusancinsa da zama lauya, waɗanda aka ji niyyarsu su ne suka fi jin sun kusa isa.

Ku lura, ba ragwaye aka gwada ba. Abin ya fi kama waɗanda suka fi son abin da gaske. Bayanin da masu binciken suka yi shi ne, wanda ke son zama wani abu yana da ƙishirwar a san shi da wannan abin. Hanyar kashe ƙishirwar ita ce aiki, mai tsawo, mai gajiyarwa. Amma akwai gajeriyar hanya: ka faɗa, a ji, a jinjina maka. Da zarar an jinjina, zuciya ta karɓi wani kaso na ladan tun ba a ɗaga fartanya ba, sai zafin nema ya ragu. Ɗalibai kaɗan ne aka gwada, kuma bincike ɗaya ba wahayi ba ne. Sai dai ni da na ji shi ban ji baƙon abu ba, domin kullum muna ganinsa a unguwanninmu.

Yaro ya samu gurbin karatun likita, ko wata uku bai yi a aji ba, gari ya ɗauka: Dakta. Wani ya shiga sashen shari'a, tun hutun farko ya zama Barista. Wani ya fara tara kuɗin kujera, abokai sun fara kiransa Alhaji. Da ƙauna ake yi, na sani, kuma fata nagari lamiri ne. Amma mu tambayi kanmu abin da muke yi wa yaron nan. Sunan da ya kamata ya yi shekara shida yana hana idonsa barci kafin ya same shi, mun miƙa masa kyauta a ranar farko. Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu kuwa tun daga hangen muke yi wa mutum barka da sauka.

Tsangaya ta fi mu fahimtar wannan. Gardin da ya tasar wa hadda yakan bar cikin gari ya koma kiskadi, 'yar bukka a bayan gari, shi da allonsa da tawadarsa. Ba ya bin gida gida yana cewa zai zama alaramma. Ya yi satu, ya kawo darasu, malamai su bi rubutunsa harafi harafi, inda ya yi kure a gyara masa a gaban kowa, ya koma ya sake. Shekaru yake yi a haka. Sunan alaramma kuwa ba shi ke raɗa wa kansa ba, sai ya haddace ya rubuta, sannan waɗanda suka isa su kira shi da shi. Ku duba tsarin da kyau. Burin a rufe yake, aikin kuwa a buɗe yake gaban mai iya gyara shi. Wannan rabon shi ne gaba ɗayan abin da nake so mu ɗauka yau.

Iyayenmu mata ma gwanaye ne a nan. Uwa takan fara tara wa 'yarta kayan ɗaki tun yarinyar ba ta san inda aka dosa ba. Ta sayar da ƙuli, ta sayar da ɗan akuya, ta ɗauki adashi, ta sayo kwano ɗaya ta tura ƙarƙashin gado. Shekara biyar, shekara bakwai, ko maƙwabciyarta ba ta sani ba, sai ranar jere a ga abin mamaki. Ita ce dai mai yin daddawa, ta san idan an dafa kalwa an rufe ta da ganye, barin ta ake yi ta yi kwanakinta. Mai yawan ɗaga murfi tana nuna wa mutane ba za ta ga ta nuna yadda ake so ba.

Akwai kuma wani abu da binciken Turawa bai taɓo ba, domin ba irin zamanmu suke yi ba. Mu mutanen zumunci ne, kuma ina alfahari da haka. Amma duk wanda ya taɓa tara kuɗi a ƙauye ya san abin da ke biyo bayan sanarwa. Ranar da aka ji kana tara kuɗin babur, daga ranar kuɗin sun tashi daga naka kai kaɗai. Ga suna a gidan baffa, ga bikin ƙanwar aboki, ga wanda zai zo da sassafe ya ce a ranta masa zuwa ranar kasuwa. Ba mugaye ba ne, su ma matsuwa ce ta koro su. Kai kuma ba ka iya cewa babu, tunda da bakinka ka faɗa cewa akwai. Haka za a yi ta gutsura har abin ya ƙare, ba ka sayi babur ba, ba ka kuma fitar da kowa daga talauci ba. Alhali da babur ɗin ya samu, da kullum akwai abin da zai shigo, har a taimaki dangin fiye da yadda aka taimake su da gutsure. Kada wani ya ji wannan ya ce na ba shi lasisin rowa. Zakka tana nan, haƙƙin iyaye yana nan, ɗan'uwan da ke kwance ba lafiya ya fi babur. Abin da nake cewa shi ne, mutum ya ware abin taimako da hannunsa, da saninsa, kada surutunsa ya ware masa.

Sannan ga masu sare gwiwa. Yarinya ta ce tana so ta shiga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu. Kafin ta rufe baki an ce mata, “Wa ya taɓa yi a gidanku?” Magidanci mai shekara 40 ya ce zai shiga ajin yaƙi da jahilci, majalisa ta kwashe da dariya. Buri sabon haihuwa ba shi da ƙashin da zai ɗauki irin wannan. Yarinyar nan ta gaya wa mahaifiyarta da mahaifinta da malamar da ta yarda da ita, su uku sun isa. Sauran gari su ji ranar da takardar shiga ta fito.

To, kada a ce daga yau kowa ya kulle bakinsa ya jefa makulli a rijiya. Mai shawara aikinsa ba ya ɓaci. Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna mana fuskokin biyu. A shirin hijira, shekara ta 622, Sayyidina Abubakar ya yi wata huɗu yana kiwata raƙuma biyu, Makka ba ta san na mene ne ba. Da suka fita, kudu suka nufa zuwa kogon Saur, alhali Madina tana arewa, suka kwana uku a ciki. Amma ba su biyu kaɗai suka san zancen ba. Nana Asma'u ta sani, domin ita ta haɗa guzuri. Abdullahi ɗan Abubakar ya sani, domin shi ke kawo labarin gari. Amir ɗan Fuhaira ya sani, domin shi ke koro tumaki wurinsu da dare. Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya sani, domin shi ne ɗan jagora. Sayyidina Ali ya sani, domin shi ya kwanta a shimfiɗa, shi kuma aka bar wa mayar da amanar mutane. Kowane ɗaya da aka gaya wa, akwai aikin da ke wuyansa. Ba a gaya wa kowa don ya yaba ba.

A yaƙin Tabuka kuma, shekara ta 9 bayan hijira, Ka'ab ɗan Malik ya ba da labarin cewa al'adar Manzon Allah ita ce ya sakaya inda ya nufa, amma a wannan karon ya bayyana wa mutane ƙarara, saboda tafiyar da nisa, ga tsananin zafi, ga yawan abokan gaba, dole kowa ya yi shiri daidai da abin da ke gabansa. Idan abin da ka sa gaba yana buƙatar guzurin wasu da ƙarfinsu, ɓoye musu zalunci ne.

Ga misali daga wani da ya yi karatu a nan kusa da mu. Alhaji Aliko Ɗangote tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ne. A 2013 ya sanar da duniya zai gina matatar mai, kuma a shekarar ya sa hannu da bankuna a kan bashin dala biliyan 3.3. Ba yadda za a yi a ɓoye irin wannan. Aikin ya ci shekaru fiye da yadda aka tsara, amma a ranar 22 ga Mayu, 2023, aka ƙaddamar da matatar a Lekki ta jihar Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana. Shi dai wannan bawan Allah ya yi shekaru yana gaya wa 'yan jarida yana son sayen ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Arsenal da ke Ingila, har a 2024 ya faɗa da bakinsa cewa lokacin ya wuce, matatar ya zaɓa ya kammala. Ban ce faɗar ce ta hana shi saye ba, lissafin kuɗi ne ya yi aikinsa. Abin da nake so ku gani shi ne bambancin masu sauraro. Zancen matata an yi shi ne gaban mutanen da suka ba da kuɗinsu, masu ikon su zo su ce ina aka kwana. Zancen ƙwallo kuwa an yi shi gaban waɗanda za su ji daɗi su tafa, gobe su wuce wani labarin.

Bincike ma ya zo da irin haka. A 2019 Howard Klein na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa suka nuna cewa wanda ya gaya wa mutumin da yake ganin girmansa abin da ya sa gaba ya fi riƙe abin da ƙarfi, domin ba ya so ya ji kunya a idonsa. Gaya wa wanda ba ka jin nauyinsa kuwa bai ƙara komai ba. Mu da muka tashi a cikin kunya ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Kowa ya san akwai mutumin da ba zai iya haɗa ido da shi ba idan ya saɓa.

Saboda haka, ɗan'uwa, nemi mutum ɗaya. Malaminka ne, ubangidanka na kasuwa ne, yayanka ne, ke kuma 'yar'uwa ko uwar adashinku ce ko gwaggon da ba ta ɗaukar wasa. Kuma idan ka je, kada ka kai masa suna, kai masa aiki. “Zan zama babban ɗan kasuwa” ba abin da zai iya bincika ba ne. Ce masa, “Baba, duk ranar kasuwa zan kawo maka dubu biyar ka riƙe mini, ko na zo ina kuka kada ka ba ni sai bayan wata goma.” Gollwitzer ɗin nan, tun a 1999, ya yi bayanin cewa niyyar da aka ɗaure ta da lokaci da wuri ta fi cika. A ce, idan na sallame asuba zan zauna a zaure in yi shafi ɗaya kafin in fita, ya fi a ce bana zan dage da karatu. Mai niyyar Makka ma yanzu yana da inda zai kai nasa a rufe. Tun 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa tare da bankin Jaiz suka buɗe adashin gata na aikin Hajji, mutum ya riƙa zubawa kaɗan kaɗan, shekara da shekaru, ba sai unguwa ta fara kiransa Alhaji ba.

Saura gargaɗi, kuma ina roƙon a saurare shi da kyau, domin an sha fakewa da sirri a cuci bayin Allah. Ɗan damfara abin da yake fara ce maka shi ne kada ka gaya wa kowa. Da harkar damfarar nan ta MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, da yawa sai a ranar iyalansu suka san an zuba kuɗin gida a ciki. Duk harkar da aka ce riba za ta ninka cikin wata guda amma kada babanka ya ji, to babanka ne mutum na farko da ya kamata ya ji. Saurayin da zai sulale ya bi ta Agadas ya nufi Libiya ba da sanin mahaifiyarsa ba, wannan ba rufe buri yake yi ba, guje wa wanda zai hana shi halaka yake yi. Ciwo ma ba buri ba ne. Wanda ya ji ƙullutu a jikinsa ko tari ya ƙi ƙarewa, ya faɗa, a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin da ya fi kusa tun abin bai yi nisa ba. Maigidan da zai sayar da gonar da iyali ke ci daga ita don wani shiri nasa, uwargida tana da haƙƙin ta sani kafin a shafa fatiha.

Sai bashi da ajiya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mun ga gidajen da maigida ya rasu, an san yana tara wani abu, amma ba wanda ya san a hannun wa yake, marayu suna kallo haƙƙinsu ya salwanta. Idan ka ba wani ajiyar kuɗin burinka, ko dubu biyar ɗin nan ce ta ranar kasuwa, a samu littafi a riƙa rubutawa da kwanan wata, mutum biyu su shaida, kuma uwargida ko babban ɗanka su san wurin da littafin yake.